Idan wata jiha a Amurka ta yanke wa naka hukuncin kisa, ga yadda ake zuwa kotun tarayya

Jama'a, wannan ƙarar da ake cewa habeas corpus, wato roƙon kotun tarayya ta duba halaccin hukuncin da jiha ta yanke, ba sabuwar shari'a ba ce fa. Alƙalin tarayya tambaya ɗaya yake yi, shin jihar ta take wa mutumin haƙƙin da kundin tsarin mulki ya ba shi? Kamar a ce lauyansa ya yi sakaci, ko masu gabatar da ƙara sun ɓoye hujjar da za ta taimake shi.

Kafin komai sai an gama da kotunan jihar tukuna, kowane ƙorafi a kai shi har kotun ƙolin jihar, wanda aka manta ba a faɗa a can ba yawanci ya tafi ke nan.

Amma ni abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne lokaci. Tun da Bill Clinton ya sa hannu a dokar AEDPA, wadda ta tsaurara ƙa'idojin wannan ƙara, a 1996, bayan harin bam na Oklahoma, shekara ɗaya tak ake bayarwa a shigar da ita a kotun tarayya daga ranar da ɗaukaka ƙara kan ainihin hukuncin ta ƙare, agogon yawanci yana tsayawa ne idan akwai ƙorafin da aka shigar bisa ƙa'ida a kotun jiha, ana yanke shi ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba a sake lissafi daga farko. Don Allah ku rubuta ranakun a takarda ku manna a bango, kada ku ce ai lauya ya sani. Ku dubi Cory Maples, wani da aka yanke wa hukuncin kisa a jihar Alabama, lauyoyinsa biyu a New York suka bar aiki ba su sanar ba, kotu ta aika takardar hukunci aka maido ambulan ko buɗewa ba a yi ba, wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce shi yana kurkuku bai san dawan garin ba. Sai a 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba laifinsa ba ne, wallahi ba kowa ke samun wannan ba.

Wanda ba shi da hali doka ta ba shi lauya kyauta, tun kafin a shigar da ƙarar ma zai iya roƙon kotu ta naɗa masa, ku nema da wuri. A zuba duk ƙorafe-ƙorafen a takarda ta farko, don ta biyu sai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yarda, kuma da ƙyar take yarda.