Kurakuran da masu sayen zanen bugu mai lamba suka fi yi a Yamai

A ƙasan takardar zanen bugu, wajen hagu, za ka ga an rubuta 12/50 da fensir, wajen dama kuma ga sa hannun mai zane. Abin da ake nufi shi ne ya buga kwafi 50 na wannan aiki, na hannunka shi ne na 12, kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara na 51 ba. Rabin kuɗin da ka biya na wannan alkawari ne, sauran rabin na takarda da tawada. Mu masu sha'awar wannan abu a Yamai ba mu da yawa, amma muna ƙaruwa, don wanda aljihunsa bai kai zanen fenti guda tilo ba yana iya mallakar na bugu. Kusan duk asarar da nake gani ta hanya biyu take zuwa: ko ba a binciki alkawarin ba, ko an bar takardar ta lalace a gida.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne kasa bambanta bugu na asali da hoton zane. Bugu na asali, mai zanen da kansa ya yi aikin a kan abin da za a buga da shi: ya sassaƙa katako ko lino (irin ledar shimfiɗar ƙasan ɗaki), ya karce farantin jan ƙarfe, ya yi zane a kan dutse idan litogirafi ne, ko ya shirya ƙyallen da ake tura tawada ta cikinsa idan serigirafi ne, irin dabarar masu buga riguna. Bruce Onobrakpeya na Najeriya, wanda aka haifa a 1932 ya yi karatu a Zariya, da irin wannan aiki sunansa ya zaga duniya. Hoton zane kuwa, an ɗauki hoton wani zanen fenti ne aka fitar da inji. Ba laifi ba ne a sayar da shi, har da lamba da sa hannu, muddin an faɗa maka gaskiya kuma farashin ya dace da shi.

Maganin yana cikin aljihunka. Ɗauki waya, ka matso da kamara sosai kan wani wuri mai launi. Idan ka ga ƙananan ɗigogi na shuɗi da ja da rawaya da baƙi sun jeru kamar fure-fure, aikin maɗaba'a ne, irin na kalanda. Bugun farantin ƙarfe yana barin wani layi da ya lotsa kewaye da zanen, inda gefen farantin ya danne takarda, tawadar kuma ta ɗan taso sama. Serigirafi launinsa cike yake, shimfiɗe, kana ganin inda wani launi ya hau kan wani. Sai ka karkata takardar wajen haske ka dubi sa hannun: na fensir yana ɗan ƙyalli, wanda aka buga tare da hoton ba ya yi.

Wasu kuma lambar sama ce ke ruɗarsu. Mutum ya ƙara kuɗi don a ba shi 1/50, yana ganin ya fi 48/50. A galibin ayyukan yau babu bambanci, sau da yawa ma sai an gama bugu duka an shanya sannan mai zane ya zauna ya sa lambobi, ba lalle bisa jerin fitowarsu ba. Lambar ƙasa ita ce abin dubawa. Kwafi 30 da kwafi 500 ba darajarsu ɗaya ba. Haka haruffan da ake gani a madadin lamba: E.A. kwafin mai zane ne, bisa al'ada ba su wuce kusan kashi 10 cikin 100 na bugun ba, H.C. wanda ba a yi don sayarwa ba, B.A.T. kuma shi ne wanda mai zane ya amince da shi aka bi samfurinsa. Idan bugu 50 ne amma E.A. sun kai 40, alkawarin ya zama wasa.

Ga wata dabara da ta yi yawa tun da injin bugu ya samu: hoto ɗaya, a buga 25 ƙarami, 25 matsakaici, 25 babba, kowane da lambarsa daban. Kai kana zaton ɗaya cikin 25 ka saya, alhali 75 ne. A Faransa, kafin hukumar haraji ta yarda da hoton kamara a matsayin aikin fasaha sai bai wuce kwafi 30 ba, duk girma a haɗe, sassaƙen da aka zuba da tagulla kuma 8, bayan 4 na mai aikin da al'adar sana'ar ta yarda da su. Dokarsu ce, ba tamu ba, amma ma'auni ne mai amfani wajen ciniki.

Kunya ce ke hana mu tambaya, musamman in mai zanen ya girme mu. To akwai hanyar yi cikin ladabi. "Malam, don Allah kwafi nawa aka buga gaba ɗaya, har da naka na ajiya? Farantin yana nan ko an lalata shi don kada a ƙara bugu?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma daɗi yake ji ya samu wanda ya san abin. Sannan ka roƙi takardar shaida: sunan aikin, shekara, irin bugun, girman takarda, yawan kwafi, lambarka, sa hannunsa. Ko a takardar makaranta aka rubuta ta wadatar, in dai hannunsa ne. Ka haɗa ta da rasit ka adana, ka kuma ɗauki hotonsu.

Masu son tsofaffin hotuna su ƙara tambaya ɗaya: yaushe aka wanke wannan kwafin? Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako, ƙananan hotuna yake ba mutanen da suka zo shagonsa, manyan da ake gani a baje koli sai cikin shekarun 1990 aka fara fitar da su, kuma bayan rasuwarsa a 2001 an yi ta jayayya kan wanda ke da hakkin bugawa. Wanda aka wanke a zamanin ɗauka, da wanda aka wanke daga baya mai hoton ya sa hannu, da wanda aka fitar bayan ransa, kowane da farashinsa. Wannan ya shafi duk wanda aka kawo wa hoto aka ce na Malick Sidibé ne, shi ma mai hoton Bamako, ko na Philippe Koudjina da ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970.

Kada kuma a je ƙauyen masu sana'a na Wadata ana neman lamba a jikin aikin maƙera. Mai zubi da kakin zuma sai ya fasa yumɓun kafin ya ciro aikin, kuma ba a san sana'ar da sa lamba ba. Rashinta ba aibi ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne aikin da aka saya daidai, aka kashe shi wajen sa gilashi. A kai wa mai yin katakon hoto, shi kuma ya ga farin gefen ya yi yawa, ya sa reza ya datse don ya shiga. Gefen nan da aka yanke ba ya dawowa, wani lokaci har lambar ake haɗawa. Ko ya shafa gam ya manne takardar a kan filawud, ko ya kama kusurwoyin da sikoc, bayan ƴan shekaru wurin ya yi tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Ka tsaya a kansa ka yi bayani: ba yanka, ba gam. A sa kwali mai taga tsakanin takarda da gilashi don kada su taɓa juna, kwalin ya zama marar asid, na baya ma haka, a riƙe takardar daga sama kawai don ta samu sararin motsi in yanayi ya sauya. A rufe bayan ruf, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta shiga ta kwanta a ciki. Idan ba a samu kwalin kirki ba, gara a bar aikin a kwance tukuna, kada a yi gaggawa.

Wurin ratayewa ma haka. Ranarmu ba ta wasa, bangon da hasken taga ke bugawa yana cinye launi, ja da rawaya su kan riga tafiya. Bangon da ke tsatsafar ruwa da damina, da wanda ke fuskantar injin sanyi mai aiki da ruwa da ake kunnawa a bazara, su ne ke sa takarda ta yi kumburi ta fito da ɗigogin tsatsa. Zaɓi bangon cikin ɗaki, ka sa ɗan abu a bayan katakon don iska ta ratsa.

Mai saye ta intanet ya yi lissafi kafin ya danna. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, aikin yuro 200 ya kama jaka 131 da ɗoriya, ba a sa kuɗin aikowa da na duwan ba. In ya iso a naɗe cikin bututu, kada a bar shi haka watanni, a warware a hankali da hannu mai tsabta a bar shi ya miƙe da kansa. Kada kuma ka saya da nufin juyawa nan da shekara biyu, masu sayen na hannu a garin nan kaɗan ne, sai ka sayi wanda za ka so gani kullum.

Wanda ba a rataye ba a ajiye shi kwance tsakanin fararen takardu marasa asid, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan wani abu, ba a ƙasa ba, saboda gara. Kada a naɗe shi da jarida, tawadarta na kamawa, kada kuma a rufe shi cikin leda, tana tara gumi. In damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, a buɗe akwatin a duba kowane ɗaya gaba da baya, a juya na bango a ga ko gara ta fara gini a bayansu.