Yadda Ake Gane Tsohon Kan Bel da Ƙiyasta Shekarunsa

Yawancin masu yawo da na'urar gano ƙarfe a yankin Gombe zinare suke nema, amma abin da ƙasa ta fi miƙo musu shi ne ƙusa, anini mai huda da kan bel. Kan bel ɗin ne ake yawan cillarwa, alhali shi ya fi saurin faɗin shekarunsa idan aka iya duba shi.

Da zarar ka tono shi, kafin ka goge ko ƙura, ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta sunan wurin da zurfin ramin. Wanda aka tsinta a kufan Gombe Abba, mazaunin Buba Yero wanda ya kafa masarautar Gombe, lissafinsa daban da na gefen Nafada, inda aka mai da hedikwatar masarauta a 1913, ko na cikin garin Gombe da aka dawo da ita a 1919. In akwai sulalla ko maɓalli a rami ɗaya da shi, ajiye su tare, domin kuɗi na ɗauke da shekara.

Wanki kuwa, ruwa zalla da tsohon buroshin goge baki sun isa. Kada ka jiƙa shi a lemun tsami, tsamiya ko ruwan batir, kada ka kai masa sanfefa. Na taɓa ganin wanda ya dirje nasa da toka har ya yi ƙyalli, ya kuma shafe ɗan hatimin da ke bayansa gaba ɗaya. Koren dattin da tagulla ke yi shi ke kare rubutun da ke ƙasansa.

Sai gane ƙarfen. Kara masa maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, kuma za ka ga jar tsatsa mai ɓarewa. In bai kama ba, yana da nauyi, ya yi kore, tagulla ce. Mai sauƙi kamar leda, fari-fari, alminiyam ne, wanda bai yi arha ba sai bayan 1886, kuma a kan bel sai can cikin ƙarni na 20 ya yawaita. Wanda ya fito daga ƙasa fes ba tsatsa ko kaɗan, mai yiwuwa ƙarfen nan ne marar tsatsa da aka fara haɗawa a Shefil ta Ingila a 1913.

Yanzu juya bayansa, nan labarin yake. Aikin maƙeran gida na zubi da kakin zuma ba ya fita daidai wa daida: gefe ɗaya ya fi kauri, akwai ƙananan ramuka, ga sawun magagari inda aka kankare. Na masana'anta kaurinsa ɗaya ne ko'ina, kusurwoyinsa a tsaye. Abin lura, kayan dokinmu na gargajiya sun fi dogara da zobba da ɗauri, saboda haka zoben tagulla mai zanen hannu ya fi kama da na majayi ko ragama. In kuwa ka ga mai harshe ɗaya, wato tsinken da ke shiga hudar fata, da ɗan bututu mai juyawa a inda fata ke bi, wannan na sirdi ko linzamin Turawa ne, ko na jakar fata.

Kayan soja su ne suka fi daɗin sha'ani, don Ingila ta riƙa canza samfuri da shekara. Mai ƙugiya kamar maciji ya lanƙwashe sau biyu tsohon yayi ne, ya zo tun ƙarni na 19 har zuwa kayan fata na 1914. Shafaffen kan bel na tagulla marar harshe, mai ɗan tsagi a tsakiya inda ake zura ɗamarar, na ɗamarar saƙa ce samfurin 1908. Falle biyu, ɗaya ƙugiya ɗaya madauki, masu shiga juna, samfurin 1937 ke nan, wanda 'yan Arewa suka ɗaura zuwa ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Mai harshe biyu a jere na ɗamarar hafsoshi ce mai ratayen kafaɗa. In ka ga alamar kan kibiya mai layi uku kamar sawun kaza, hatimin kayan gwamnatin Ingila ne. Itacen kwakwa kuma tambarin rundunar Afirka ta Yamma ne, wadda Lugga ya kafa a 1897.

In akwai kambin sarauta, dube shi da kyau. Mai zagayayyen sama kamar hula na zamanin sarakuna maza ne, daga 1902 zuwa wajen 1953. Wanda samansa ya lotsa a tsakiya, ko dai na Sarauniya Biktoriya da ta rasu a 1901, ko na Elizabet bayan 1953, a nan sai ƙarfen da kaurin aiki su raba gardama. Haruffan Rd da lamba a gabansu rajistar zane ce da aka fara a 1884, kuma lambar ta kai wajen 350,000 a 1900.

Duk waɗannan suna nuna lokacin da aka ƙera shi ne, ba ranar da ya faɗi ba. Samfurin 1937 an ci gaba da ɗaura shi har bayan 1960, tsofaffin sojoji sun dawo da shi gida, mafarauta sun saye shi a gwanjo. Saboda haka rubuta "bai girmi 1937 ba", ka tsaya nan.

Batun doka kuma: nemi izinin mai gona da mai unguwa kafin ka kunna na'ura. Filin yaƙin Burmi kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, maƙabarta ce, ba wurin tono ba. Dokar 1979 ta damƙa kayan tarihi ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 yana cikinsu. In naka ya yi kama da haka, sanar da su, ko ka kai hotonsa gidan tarihi na Jos. In kuwa abin da ya fito harsashi ne ko wani dunƙulen ƙarfe mai kama da gurneti, bar shi a ramin ka kira 'yan sanda.