Jan igiya kafin a ɗaure raket ɗin badminton, yadda ake yi da inda ya kamata a tsaya

Duk wanda yake ɗaurin raket yasan wannan abun, ka ɗaura igiya a fam 26 (fam shine ma'aunin ƙarfin jan igiya) yau ka ƙwanƙwasa ta kaji tana ƙara tas-tas, bayan kwana biyu ka sake ƙwanƙwasawa kaji sautin ya sauka kamar ba ita ba. Ba injinka bane ya lalace. Igiyar badminton yawanci nailan ce, siraran zaruruwa ne masu yawa a tsakiya aka saƙa musu riga ta waje, to in aka ja ta tana cigaba da miƙewa a hankali ko bayan an ƙulle, kuma kaso mai yawa na saukar nan a ranar farko yake faruwa tun ba a buga wasa da ita ba. Shi yasa wasu suke jan ta tun kafin su kafa, a rage mata wannan miƙar da wuri.

Na hannu tukunna, tunda ba kowa ne yake da injin lantarki ba. Ka warware igiyar gaba ɗaya, mita 10 ce a fakiti ɗaya, ka zagaya tsakiyarta a jikin wani ƙarfe zagayayye mai santsi wanda yake kafe da kyau, banda mai kaifi ko mai tsatsa dan ɗan ƙarzanen da ko ganinsa baka yi shine zai tsinka ta a kan inji. Bakin nan biyu ka naɗe su a guntun katako, kar ka naɗa a hannunka wallahi yanka take, sai ka ja baya har ta miƙe ka jingina da nauyinka a hankali kamar sakan 20 zuwa 30. Zakaji ta ɗan bayar sannan ta tsaya, to nan ne iyaka. Kar ka fizga, kuma ka kauda fuskarka daga saitinta ko da zata tsinke. Ni abinda nafi so a wannan hanyar ma ba maganar tenshon (ƙarfin ɗaurin igiya) bace, nannaɗewar fakitin nan ce take fita, igiyar ta kwanta sambal ta daina cukurkuɗewa lokacin saƙar igiyoyin kwance. Matsalarta ɗaya ce, baka da ma'auni, jan yau daban na gobe daban.

Injin lantarki kuwa shi yake yi maka a kowane ja. Akwai wajen saiti, galibi zakaga kashi 5, 10, 15 ko 20 cikin ɗari, injin zai wuce lambar da ka saka da wannan kason sannan ya dawo ya tsaya a kanta kafin ka matse kilam, wato abin da yake riƙe igiyar bayan an ja. A nan ne nake so a buɗe ido sosai dan lissafi ne ƙarami amma mutane basa yi. Ka saka fam 26 da kashi 10, igiyar sai ta taɓa 28.6 kafin ta dawo. Ka saka 28 sai ta kai 30.8. To duba jikin raket ɗin, kamfani ya rubuta iyakar tenshon da firam zai ɗauka, in an rubuta 28 kai kuma ka ɗaura a 28 da kashi 10 kaga ka tsallake iyakar a kowane ja, ga igiyoyin tsaye 22 ga na kwance waɗanda dama da yawa suke ƙara musu fam ɗaya ko biyu, tsohon raket mai ɗan tsagu ko wanda robobin ramukansa suka cinye a irin haka yake tafiya, kuma raket ɗin mutane ne a hannunka.

Kaurin igiya ma a duba. BG65 ta Yonex milimita 0.70 ce, tana da jimiri kuma tana da saurin sakin tenshon, ita kam kashi 10 yana yi mata amfani. Amma irin su BG66 Ultimax mai 0.65 ko Aerosonic mai 0.61, siraran nan dan tsalle da ƙara ake siyansu, ni bana wuce kashi 5 dasu, wani lokacin ma kashe saitin nake.

Dan gaskiyar magana jan nan ba kyauta bane. Miƙar da ka cire ita ce wani ɓangare na tsallen da igiya take ba shatil (ƙwallon badminton), raket zai daɗe a yadda ka ɗaura shi amma zai ɗan yi tauri a hannu, mai ƙarfin wuyan hannu zai ji daɗin haka, wanda yake koyo kuma yana fama ya kai shatil layin baya sai yaji ya ƙara masa wahala. Mai wasa a fam 20 zuwa 22 ni ban ga dalilin yi masa ba sam.

In injinka mai nauyi ne da ake saukewa, ko lantarki mai cigaba da ja, ka jira sakan uku zuwa biyar kafin ka matse kilam, igiyar tana miƙewa injin yana binta, wannan kaɗai ya rage aiki. Mai juyawa da hannu da yake kullewa da zarar ya kai lamba shi yafi buƙatar a rage wa igiya miƙar nan, ka juya a hankali ko ka ja sau biyu.

Sannan ka rubuta abinda kayi wa kowane raket, igiya kaza, fam kaza, kashi kaza, kuma ka faɗa wa mai shi. Fam 26 da aka ja da 26 da ba a ja ba ba ɗaya suke a hannu ba, in ya dawo yace yayi masa tauri sai ka sauke fam ɗaya ko ka kashe saitin, abu ɗaya dai a lokaci ɗaya dan ku gane wanne ne ya canza.