Yadda za ki taya yaronki zaɓen kwas kafin BECE, jarrabawar gama JHS

Yar'uwa in ɗanki na JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a Ghana, kin san fom ɗin zaɓen babbar sakandare da kwas ɗin da zai yi a can na nan tafe, kar ki bari sai ranar ƙarshe.

Da farko ɗauko sakamakonsa na JHS 1 da 2 ki duba inda yake da ƙarfi, wanda lissafi ke ba shi ciwon kai kar a tura shi kimiyya don kawai ana son a ce ɗan Hajiya zai zama likita, wallahi a Nima mun ga yaran da suka sha wuya a kan haka.

Na biyu ki zaunar da shi bayan isha'i ki tambaye shi me yake so. Akwai kimiyya, kasuwanci, zane-zane, noma, girki da ɗinki, aikin hannu irin su wayarin da kafinta, sai General Arts mai tarihi da adabi.

Na uku je ki ga ticansa, shi ya san shi a aji.

Sai ku duba ko makarantar da kuke so na yin kwas ɗin, ba kowacce ke yin duka ba, kuma kar ku cika fom da manyan makarantu zalla irin su Achimota, don kwamfutar CSSPS mai raba wa yara makarantu maki take kallo. Ki ɗau hoton fom ɗin a waya kafin ki sa hannu ki mayar.