Yadda Ake Gane Matsalar Bawul ɗin EGR da Wanke Shi

Bawul ɗin EGR wata ƙaramar ƙofa ce da ke tsakanin hanyar fitar hayaƙi da hanyar shigar iska cikin inji, kuma aikinsa shi ne ya mayar da wani kaso na hayaƙin da ya riga ya ƙone zuwa cikin silinda. Wannan hayaƙi ba shi da isasshiyar iskar oksijin, saboda haka yana rage zafin ƙonewar mai, raguwar zafin kuwa ita ce take rage samuwar iskar NOx mai cutar da huhu. Tun farkon shekarun 1970 aka fara saka shi a motocin Amurka. A injin fetur yawanci kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na hayaƙin ake mayarwa, amma a injin dizal yakan kai kashi 50, shi ya sa na dizal ya fi saurin toshewa.

Kafin a ɗauki sifana, sai a lura da halin motar. Idan bawul ɗin ya maƙale a buɗe, hayaƙi zai riƙa shiga ko da lokacin da ba a buƙatarsa, sai inji ya yi ta rawa a sulo, ya riƙa mutuwa idan an tsaya, a dizal kuma a ga baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi. Idan ya maƙale a rufe, injin fetur yakan yi wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani yayin da aka taka totur ko ana hawan tudu. Sai dai lalataccen fulogi ko tiyon da ke zuƙar iska ta ɓaraka su ma suna kawo irin waɗannan alamomi, don haka ya kamata a jona na'urar karanta lambobin matsala. Lambar P0401 tana nufin hayaƙin da ke wucewa ya yi kaɗan, P0402 ya yi yawa, P0403 kuwa tana nuni ga ɓangaren lantarki, wanda wanki ba ya gyarawa.

A bar inji ya huce sarai, domin wurin yana da zafin da zai saɓule fata. A cire wayar batir mai alamar ragi, a zare soket ɗin bawul ɗin, ko kuma siririn tiyonsa idan tsohon samfuri ne da ke aiki da zuƙar iska. Notocinsa sukan yi tsatsa saboda zafi, sai a fesa musu man sassauta tsatsa a jira kaɗan, don karyewar guda ɗaya a jikin inji ta fi matsalar da aka zo gyarawa wahala.

Wankin shi ne inda aka fi yin kuskure. Abin da za a tarar a ciki kunkunniya ce da ta haɗu da tururin man inji ta daskare, wani lokaci kamar kwalta, wani lokaci kamar busasshen gawayi. A riƙe bawul ɗin yadda ɓangaren lantarkinsa zai kasance a sama, a fesa ruwan wanke kafireta a bakin ƙofar kawai, domin idan ruwan ya gangara cikin ƙaramin injin lantarkin da ke motsa shi ko ya taɓa robar da ke cikin tsohon samfuri, to an kashe shi. A bar shi ya jiƙa, a goge da ƙaramin burushi, a maimaita har sai sandar da ke buɗe ƙofar ta riƙa motsi ba tare da cijewa ba. Kada a kankare mazaunin ƙofar da sukundireba, saboda ƙaramin tabo ya isa ya sa ta daina rufuwa ruf. Bayan haka a leƙa ramin da ke jikin inji, wanda a ganina shi ne rabin aikin da mutane ke mantawa: sau da yawa bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar ce ta cushe, kuma ko sabo aka saka lambar P0401 za ta dawo. Kafin a share ramin, a toshe ɓangaren da ke shiga inji da tsumma mai tsabta don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki, kuma kada a manta a cire tsumman.

Idan bawul ɗin ya bushe, a mayar da shi da sabon gaskit, a goge lambar matsalar, a gwada motar a hanya. Wasu motocin sai an sake koya wa kwamfutarsu matsayin bawul ɗin da na'ura.

Akwai masu toshe hanyar gaba ɗaya da farantin ƙarfe. Wannan yana ƙara NOx, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun hana shi. Idan kunkunniya ta sake taruwa cikin ɗan lokaci, a duba nozul mai fesa mai cikin inji da matatar iska, a kuma rage yawan gajerun tafiye-tafiye da inji bai yi zafi ba. A motar dizal kuwa, farin hayaƙi tare da raguwar ruwan lagireto yana iya nuna cewa na'urar sanyaya hayaƙin EGR ta tsage, kuma wannan sai an canza ta.