Ta ina za ku fara da waƙoƙin Georgie Sicking, macen da ta yi aikin kaboyi

Mu da muka taso muna kallon fim ɗin kaboyi, mun ɗauka kaboyi ɗan bindiga ne mai malfa. Ashe makiyayi ne, a kan doki yake kora shanu, kuma yana da waƙoƙinsa. Da wata ɗalibata ta tambaye ni ta ina za ta shiga irin waɗannan waƙoƙi, na ce mata ta fara da Georgie Sicking. Ga yadda na shirya mata.

Ku fara sanin matar kafin baitinta. An haife ta a jihar Arizona ta Amurka a 1921, ta rasu a 2016. Ta taso a zamanin da ba a cika ɗaukar mace aikin kiwo a manyan gonakin shanu ba, amma ta dage sai da ta iya jifa da igiya, ta iya horar da doki, har dawakan daji ta zarge. Ta yi kiwo shekaru a Nevada tare da mijinta, ta ƙarasa rayuwarta a Wyoming. Ƙungiyar masu shanu ta Nevada ta karrama ta saboda tafiyar mil 100,000 a kan sirdi. Ita kaboyi take kiran kanta, wai dai Allah ya yi ta mace. Abin dariya, a 2010 zauren karrama mata mahaya da ke Fort Worth a Texas ne ya sa sunanta a jerin gwanaye.

Sannan ku saurara kafin ku karanta. Nan ne mutane ke kuskure. A takarda waƙoƙinta ba su da wani ado, amsa-amo ne mai sauƙi da ɗango gajeru. Da baki aka yi su, da ka ake kawo su, ba kiɗa ba rerawa. Ku rubuta sunanta a YouTube ku ji muryar tsohuwar da kanta. Tana cikin waɗanda suka tsaya gaban jama'a a taron mawaƙan kaboyi na farko a garin Elko na jihar Nevada, cikin Janairun 1985, lokacin sanyi da aikin shanu ke lafawa. Har yau ana wannan taro duk shekara.

Waƙar da nake so ku fara da ita sunanta "Housewife", wato matar gida. Sun je banki neman rance ita da mijinta. Ma'aikacin ya rubuta wa mijin sana'arsa kiwo, ya dube ta ya kira ta matar gida. Sai ta shiga lissafa masa abin da hannunta ya yi cikin garke. Ku saurare ta sau uku. Na farko don labarin, na biyu don inda take dakatawa ta bar mutane su yi dariya, na uku don fushin da ke ƙasan dariyar. Ni sai a karo na uku na gane ba girki ta raina ba, ƙin a shafe aikinta ta yi.

Turancin zai ba ku wahala, domin na bakin makiyaya ne. Ku ajiye ɗan littafi, duk kalmar aiki da kuka tsinta ku nemo tamu: linzami, likkafa, ƙaimi, lalas da ake yi wa maruƙa. Wadda ta gagare ku, ku kwatanta wa mai doki ko wani ɗan ruga abin da ake yi, zai faɗa muku sunansa kafin ku rufe baki.

Daga nan ku haddace baiti huɗu, ku faɗe su a tsaye da ƙarfi. Ɗalibar tawa ta yi haka mako biyu, sai ga ta da tata waƙar a kan kakarta mai tallar nono.