Yadda Za Ka Auna Masu Son Tsofaffin Wasannin Almara Kafin Ka Kafa Teburi a Kaduna

Duk wanda ya taɓa yunƙurin tara mutane domin irin wasan nan da ake zama a kewaye teburi, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kuwa kowa ya shiga rigar jarumi guda, ya san cewa ranar da aka buɗe zauren WhatsApp ba a rasa masu cewa suna ciki. Inda gizo yake saƙar shi ne Asabar ta uku bayan La'asar, lokacin da hadari ya haɗo, mai Keke Napep ya ƙara kuɗin zuwa Unguwar Rimi, kuma ana buga ƙwallon Ingila a gidan kallo. Saboda haka, kafin ka sayi littafin da ake biyan kuɗinsa da dala ko ka roƙi aron zauren gidan wani, ya kamata ka san su wane ne masu son abin har zuci, su wane ne kuma ’yan ganin ƙwaƙwaf.

Da farko ka tabbatar kuna magana a kan abu ɗaya, domin abin da wani yake kira tsoho ba shi ne tsohon wani ba. Asalin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, bugun farko kwafi 1,000 kacal. Daga baya aka yi bugu mai sauƙi na ’yan koyo a 1977 da 1981 da 1983, kuma yawancin masu cewa suna bin tsohon yayi waɗannan suke nufi. Amma matashin da ya tashi a gidan gem na Tudun Wada, idan ka ce masa tsohon wasan almara, hankalinsa zai tafi ne ga na'ura: Dragon Quest na 1986, ko Final Fantasy na 1987, ko Baldur's Gate na 1998. Wani ma, idan ya yi nisa, ya ambaci Ultima da Wizardry na 1981. Dukkansu jikokin teburin 1974 ne, sai dai wanda ya saba kwamfuta ta riƙe masa lissafi ba lalle ne ya iya zaman awa uku da fensir a hannu ba. Ka tambayi kowa wanne yake nufi, ka rubuta amsarsa, kada kuma ka raina ɗan na'ura, domin sau da yawa daga cikinsu ake samun masu haƙuri.

Tambayoyin da za ka yi su ne wurin da mutane suka fi yin kuskure. Akwai ɗabi'ar mayar da hira jarrabawa, a tambayi mutum shekarar da kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, wato 1997, ko a ce ya fassara THAC0, lissafin nan na kai sara da ya shahara a bugun 1989, inda ƙarancin lambar sulke yake nufin ƙarfinsa. A ganina wannan ba ya auna komai sai yawan datar da mutum ya ƙona a intanet, kuma yana korar masu kunya, waɗanda galibi su ne suke daɗewa. Abin da ya fi shi ne ka ce, “Malam, ba ni labarin wani jarumi da ka taɓa riƙewa.” Mai son abin ba zai fara da lambobi ba, zai fara da ƙofar da bai kamata ya buɗe ba, da abokin da ya gudu ya bar shi a bakin rijiya, kuma zai ba da labarin yana cewa “ni” kamar shi abin ya faru da shi. Wanda bai taɓa bugawa ba kuma, ka tambaye shi tatsuniyar da yake tunawa tun ta ƙuruciya, ka ji ko Dodo da Gizo suna da rai a bakinsa.

Magana dai ba ta isa, sai an zauna. Ka shirya zama na gwaji da tsofaffin ƙa'idoji ba tare da sassautawa ba. Kowa ya jefa ƙwayar lido uku sau shida a jere, kowane jifa ya ba shi lamba tsakanin 3 da 18, a rubuta su yadda suka zo: ƙarfi, basira, hikima, zafin nama, ƙwarin jiki da kwarjini. Babu zaɓe, babu sauyi. A nan za ka fara karanta fuskoki. Wanda ya zo da burin zama barde mai sulke sai ƙwaya ta ba shi ƙarfi 6, za ka ga ko dai ya ture takardar yana cewa a sake, ko kuwa ya yi dariya ya raɗa wa jarumin suna, ya ce ai wannan da wayo zai ci abinci. Na biyun nan ka sa masa alama.

Babban ma'auni kuwa shi ne mutuwa. A bugun 1981, mai sihiri ɗan matakin farko yana da makin rai daga 1 zuwa 4 da siddabaru guda ɗaya tak a yini, ta yadda kibiya ɗaya tana iya gamawa da shi. An gina wasan ne a kan cewa faɗa asara ce, shi ya sa kowane tsabar zinariya da aka fito da ita daga kogo take ba da maki ɗaya na ƙwarewa, kuma mayaƙi yana buƙatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu. Mai wayo yana lallaɓawa ne ya ɗauko dukiya ba tare da ya tashi dodon da ke barci ba. Na taɓa jan labari ga wasu ɗalibai a barandar wani gida a Malali, ga fitilar caji a tsakiyar tabarma saboda an ɗauke wuta, sai wani da ya shafe kusan rabin awa yana zana wa ɓarawonsa rawani da wuƙa a gefen takarda ya tura shi cikin wani lungu ba tare da ya bubbuga ƙasa da sanda ba. Ramin tarko ya haɗiye shi tun kafin shayi ya huce. Yaron ya yi shiru, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun kaftaninsa, sa'an nan ya miƙo hannu ya ce, “Yaya, ba ni ƙwayoyin, ƙanensa zai zo neman gawarsa.” Tun daga ranar ban ƙara shakkar zuwansa ba. Wani kuma da ya fi kowa surutu a zauren WhatsApp, jaruminsa bai ma mutu ba, rauni kawai ya ji, amma ba mu sake ganinsa ba.

Kada ka kashe jarumin kowa da gangan domin gwaji, wannan zalunci ne kuma ’yan wasa suna ganewa. Ka jefa ƙwaya a fili kowa yana kallo, ka bar abin da ya zo ya zo.

Bayan zaman farko sai ka buɗe rajista a littafin makaranta mai shafi arba'in, ka yi zama shida, mako-mako, rana ɗaya da lokaci ɗaya. Ka rubuta wanda ya zo, da wanda ya aiko uzuri tun da wuri, da wanda ya ɓace shiru. Waɗannan biyun na ƙarshe ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Dole ne kuma ka karanta rajistar da idon mutumin Kaduna. Wanda yake tasowa daga Rigasa ko Kawo ya zo sau huɗu ya fi maƙwabcinka da ya zo sau shida da silifas. ’Yar'uwar da sai ta koma gida kafin Magariba ba ƙarancin sha'awa ne ya tashe ta ba, kai ne ya kamata ka matso da lokacin. Kada ka sa gwajin cikin azumi, ko lokacin jarrabawar ɗaliban KASU, wato jami'ar jihar Kaduna, da na Poli, domin abin da za ka auna a lokacin yunwa ce da fargaba.

Akwai wasu ƙananan ayyuka a tsohon yayi da ba wanda yake yinsu sai mai so. Jagoran wasa ba ya nuna taswira, yana faɗa ne da baki, wani ɗan wasa kuma yana zanawa a takardar lissafi mai gidaje-gidaje, kuma idan ya yi kuskure ayarin duka ya ɓace. Wani yana ƙirga lokaci, tunda kowane zagaye a cikin kogo minti goma ne kuma sandar wutar da jarumai suke haska hanya da ita tana mutuwa bayan zagaye shida. Ka lura da wanda ya karɓi waɗannan ayyuka ba tare da an roƙe shi ba, da wanda ya dawo mako mai zuwa da taswirar a sake zane da biro, da wanda ya tare ka ranar Laraba da tambaya a kan wata ƙofar ƙarfe da ba su buɗe ba. Wanda kuwa ya ce yana so wata rana ya gwada jan labarin da kansa, ka riƙe shi hannu bibbiyu, domin teburi yana mutuwa ne ranar da jagora ɗaya tilo ya samu aiki a Abuja.

Kuɗi ma'auni ne mai rauni. Wanda ya yi odar ƙwayoyi masu fuska 4 da 8 da 12 da 20 masu ƙyalli ya nuna maka aljihunsa ne kawai. Tarihin masoya wannan yayi ma ya fi karkata ga wahala fiye da saye. Bayan an fitar da lasisin da ya buɗe ƙa'idojin wasan a 2000, masoya ne da kansu suka sake rubuta tsofaffin bugu da suka ɓace a kasuwa, aka samu OSRIC da Basic Fantasy a 2006, da Labyrinth Lord a 2007, da Swords & Wizardry a 2008, shekarar da Gygax ya rasu. A Janairun 2023 da kamfanin Wizards of the Coast ya nemi sauya wannan lasisi, ƙorafin masoya ne ya sa ya janye. Basic Fantasy har yanzu kyauta ake sauke shi, saboda haka ka tura wa kowa, ka ga wanda zai je shagon fotokofi ya buga shafukan da yake buƙata da kuɗin kansa.

Sai kuma batun gida, wanda ba a tsallake shi a garin nan. Iyaye suna jin sunan ƙwaya su tuna caca, suna jin sihiri su tuna tsafi, kuma akwai malaman da ba sa son wasan ƙwaya ko da babu kuɗi. Ka girmama wannan, kada a sa ko sisi a teburi, a tashi idan an kira salla. Wanda ƙwaya ta dame shi, a yanka takardu a rubuta lambobi a zuba a hula ana zara. TSR ma ta taɓa sa irin waɗannan ’yan kwalaye masu lamba a cikin akwatin wasan a ƙarshen shekarun 1970 da ƙwayoyi suka yi mata ƙaranci. Matashin da ya zauna ya yi wa mahaifinsa bayani har aka bar shi ya fi wanda yake zuwa a ɓoye daɗewa.

Idan makonni shida suka cika, ka ware mutum huɗu ko biyar da rajista da idonka suka yarda da su, ka fara dogon labari da su. Sauran kada ka cire su daga zauren, ka riƙa yi musu zama na buɗaɗɗiyar ƙofa sau ɗaya a wata, mai farawa ya ƙare a yini guda, ka kuma ajiye takardun jarumai uku ko huɗu da aka riga aka cike a cikin littafin rajistar saboda baƙon da zai biyo abokinsa.